Malam yana Zariya, ɗalibarsa tana Manchesta

Duk wanda ya ji cewa 'ya'yana ba sa zuwa makaranta, a gida suke karatu, tambaya biyu yake yi mini. Ta farko: "Hukuma ta yarda kuwa?" Ta biyu: "To lissafi fa, wa yake koya musu?"

Ta farkon ba ta da wuyar amsawa. A nan Ingila, sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro daga shekara 5 zuwa 16 yana samun cikakken ilimi daidai da shekarunsa da fahimtarsa, ko dai a makaranta ko ta wata hanya. Wannan wata hanyar muka bi. Idan yaro yana makarantar da kowa ke zuwa, wasiƙa za ki rubuta wa shugaban makarantar a cire sunansa daga rajista, daga baya ƙaramar hukuma ta tuntuɓe ki ta ji yadda karatun yake tafiya. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta nuna yara 111,700 ne ke karatu a gida a Ingila a ƙarshen 2024, alhali shekarar da ta gabace ta 92,000 ne. Sai dai wanda ya ɗauki wannan hanya ya kwana da sanin komai ya dawo wuyansa: littattafai, malamai, har kuɗin jarrabawa.

Mu abin da ya sa muka ɗauke ta, babbar 'yata yarinya ce mai shiru-shiru. A aji mai yara talatin, ko ba ta gane ba, ba za ta ɗaga hannu ba, sai ta dawo gida ta yi ta kuka a kan aikin da aka ba ta. Ga shi kuma ni da Abbansu muna son haddar Alƙur'ani ta zama da sassafe, lokacin da kai yake a sake, ba da yamma bayan an gaji ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Da ku iyaye mata nake magana musamman, domin galibi mu ne muke zaune da yaran, amma iyaye maza ma su saurara.

Aikin jinya na karanta. Lissafin magani, awon ruwa, kaza cikin ɗari, duk abincina ne. Amma sanin amsa daban, sanin abin da ya hana yaro kaiwa ga amsar daban. Karatu da rubutu da tarihi, idan yaro ya tsallake wani abu zai iya waiwayowa ya ɗauka. Lissafi ba ya yafe wannan. Wanda bai riƙe rabawa ba, lissafin kaso, irin su 1/2 da 1/3, zai gagare shi, wanda kaso ya gagara kuwa, aljabara za ta zame masa dutse. Kuma yaron ba zai iya gaya miki inda igiyar ta tsinke ba, cewa kawai zai yi, "Umma, ni ba na son lissafi."

Da kayan kyauta muka fara, kuma har gobe ina yi wa masu su addu'ar alheri. Khan Academy na da bidiyo da atisaye tun daga ƙirga har lissafin jami'a, ba ko sisi. Corbettmaths na fitar da tambaya biyar a kowace rana, an jera su mataki-mataki. Oak National Academy, wadda aka kafa a 2020 lokacin kullen korona, tana da darussa bisa tsarin karatun Ingila. Ga kuma White Rose Maths da makarantun firamare da yawa a nan suke bi. Duk uwar da ba ta da halin ɗaukar malami, wallahi za ta yi nisa da waɗannan.

Amma ga inda suka tsaya. Wata rana yarinyata ta rubuta cewa 1/2 a tara da 1/3 ya ba da 2/5. Ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Manhajar ta nuna mata ja, ta ba ta shawarar ta sake kallon bidiyo. Ta kalla, ta kwaikwayi matakan, ta ci tambayoyin da suka biyo baya, kore ya bayyana. Da aka kwana biyu aka dawo kan irin tambayar, sai ga 2/5 ta sake fitowa. Na'ura amsa take gani, ba ta ganin tunanin da ya haifi amsar. Yarinyar ta haddace hanya ne ta ɗora a kan wata fahimta karkatacciya da ba wanda ya taɓa ta.

Shi kansa Salman Khan, mai Khan Academy, ba da bidiyo ya fara ba. A 2004 wata 'yar uwarsa ce ƙarama, tana wani gari daban a Amurka, lissafin sauya ma'auni ya ba ta wahala, sai ya riƙa koya mata ta tarho da wani allon zane na intanet, shi da ita kaɗai. Sai a 2006 ya fara ɗora bidiyo a YouTube. Wato asalin abin, mutum ne yana sauraron yaro guda.

Na gwada wani kamfani na nan da ke haɗa iyaye da malamai. Ba zan ce duk haka suke ba, amma wanda na gwada, kusan kowane zama da sabon malami. Kowa ya zo sai ya fara da, "Me kike son mu yi yau?" Yarinyar da ba ta san inda matsalarta take ba, ta ina za ta amsa wannan? Ga shi suna son a biya kuɗin zama da yawa a dunƙule tun kafin a fara. Na ce a'a.

Yayata ce ta haɗa mu da Malam. Tsohon malamin lissafi ne na sakandare a Zariya, ya koyar da 'ya'yanta, unguwarsu kowa ya san shi. Da muka yi waya, bayan gaisuwa da tambayar iyali, abin da ya fara cewa shi ne, "Hajiya, ni ba fuskar yarinya nake son gani ba, hannunta nake son gani. A saita mini waya a kan takardarta."

Wannan magana ita ce ginshiƙin duk abin da muka samu. Abbansu ya sayo ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake maƙala waya, muka ɗaura tsohuwar wayata tana kallon tebur daga sama. Kwamfuta a gefe, daga nan ake jin murya a kuma ga allon Malam. Wayar kuma ta shiga Zoom a matsayin mutum na uku, a kashe mata sauti don kada murya ta riƙa amsa-kuwwa. Ta haka yana ganin fensir daga lokacin da ya taɓa takarda. Yana ganin inda ta dakata, inda ta goge, inda ta rubuta daidai sannan ta ji tsoro ta canza.

Da 2/5 ta sake fitowa a gabansa, bai ce mata ba daidai ba ne. Cewa ya yi, "'Yata, kina da rabin gurasa, aka ƙara miki sulusi. Abin da ke hannunki yanzu ya fi rabi ko bai kai rabi ba?"

Ta ce, "Ya fi rabi, Malam."

"Madalla. To kashi biyu cikin biyar fa, ya kai rabi?"

Ta yi shiru. Ina zaune a gefe, bakina yana ƙaiƙayi in faɗa mata, amma Malam ya riga ya roƙe ni kada in riƙa shiga. Shirun ya yi tsawo. Can sai ta zana dogon akwati ta raba shi biyar, ta cike biyu, ta ce a hankali, "Bai kai ba." Ya ce, "To ya aka yi aka ƙara miki, abin ya ragu?" Daga nan ya sa ta zana akwati biyu masu tsawo ɗaya, ta nemo yankan da zai dace da rabi ya kuma dace da sulusi. Da kanta ta gano shida. Uku da biyu, biyar cikin shida. Tun daga ranar ban sake ganin wannan kuskure a littafinta ba, domin yanzu ita ce take tambayar kanta ko amsar ta yi ma'ana.

Kuɗin da nake biya, na wannan shirun ne da wannan tambayar. Bayani kam, yana nan kyauta a intanet, wani ma ya fi na Malam ƙawa da launuka.

Kamfanonin koyarwa suna son ambaton wani bincike na Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago, wanda ya wallafa a 1984. Ya ruwaito cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ya zarce kusan kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji yadda aka saba. Binciken da aka yi daga baya bai sami tazara mai girman haka ba, don haka kada talla ta ruɗe ki. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba a cikin aikin nasa: ba kaɗaicin ne kawai ba, ɗaliban ba a barinsu su wuce gaba sai an gwada su, an gyara musu, an tabbatar sun riƙe. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan tun muna ƙanana. Ba a wanke allo sai ka biya wa malam ya ji da kunnensa, in ka yi tuntuɓe ka koma ka sake. A ganina babbar ribar karatun gida ke nan a fannin lissafi. Ba zangon karatu da yake kora mu. Malam ya zauna a kan kaso har sai da ya gamsu, ba wanda ya ce masa lokaci ya ƙure.

Darasin da ya fi burge ni shi ne ranar da ya kawo rabon gado. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da uba, da 'ya'ya maza da mata. Mata tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Kashi nawa za a raba dukiyar don kowa ya sami rabonsa ba gutsure? Ta yi ta gwadawa har ta faɗo kan 24: mata 3, uwa 4, uba 4, saura 13 na 'ya'ya. Sannan ya gaya mata cewa Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin da ya kafa aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangare na littafin a kan wasiyya da gado ya yi shi. Ranar da daddare ita ce take yi wa Abbanta bayanin yadda ake fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in, wato 2.5 cikin 100. Ba na jin akwai manhajar da za ta san cewa wannan ce ƙofar da za a shiga zuciyar wannan yarinya ta ita.

Da Hausa da Turanci suke darasin, a gauraye. Bayani da Hausa idan abu ya cije, amma sunayen abubuwa da Turanci, domin da shi za a yi jarrabawa. Ban nemi wannan ba, amma Hausarta ta ƙara nauyi, tunda yanzu tana jin ta a bakin wani babba da ba mu ba.

Akwai wahalhalu, ba zan ɓoye ba. Wuta takan ɗauke a can, sabis yakan yi rauni musamman da damina idan hadari ya taso. Muka yi yarjejeniya cewa idan hoto ya fara tsinkewa, ya kashe kyamararsa ya bar murya, tunda takardarmu ce abin gani. Idan abin ya ƙi gaba ɗaya, a ɗage zuwa wata rana ba tare da ɓacin rai ba. Sai agogo. Najeriya ba ta canza lokaci, Ingila kuwa tana canzawa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya, sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya. Da safe muke yi, sau biyu a mako, wanda kuma ya fi mana, don a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba a nan. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Malam ya ce hakan ma ya isa, yaro ba ya riƙe hankalinsa a lissafi fiye da haka.

Maganar kuɗi kuma ina son in faɗe ta da babbar murya ga 'yan uwana mazauna Turai. Don fam ta fi naira ƙarfi, ba dalili ba ne a biya malami abin da ba zai saya masa data da man janareta ba, sannan a zo ana murnar an sami araha. Ilimin da yake bayarwa bai gaza na malamin nan ba. Mu mun zauna mun yi magana a fili, muna biya a farkon wata, kuma idan mu ne muka soke darasi a makare, kuɗinsa ya ci. Hakkin malami ba abin wasa ba ne.

Abu mafi muhimmanci ga wanda zai ɗauki malami daga gida shi ne bambancin tsarin karatu. Malam ya shafe shekarunsa yana shirya yara don WAEC da NECO. A can ana yin logaridam da ƙirga a tushe biyu da makamantansu tun a sakandare, a GCSE kuwa, wato jarrabawar kammala sakandare ta nan, babu logaridam, sai an kai matakin A-level da ke biye da ita kafin jami'a. A gefe guda, tambayoyin nan suna da yawan zance. Za a ba yaro labari mai tsawo a ce ya nuna dalilin da ya sa amsar wani ba daidai ba ce, ko ya tabbatar da wata magana. Ga fam da fens, ga mil. Don haka na sauke masa tsarin jarrabawar da tsofaffin takardu da yadda ake rabon maki, duk suna nan kyauta a shafukan hukumomin jarrabawar, wato AQA da Pearson Edexcel da OCR. Ya karanta su da gaske. Da ya ce ba ya buƙata, ya san lissafi, da ban ci gaba da shi ba, duk da kirkinsa.

Game da tsaro, ƙa'idata ba ta canzawa ko wane ne malamin. A falo ake darasi, ba a ɗakin kwana ba, kuma ina wurin ko ina kicin ƙofa a buɗe. Duk saƙo ta wayata yake bi, babu lambar yarinya a hannun kowa. A nan Ingila za ki iya tambayar malami takardar DBS, wadda ke nuna ko yana da tarihin laifi. Malamin da ke Najeriya ba shi da ita, sai dai shaidar mutanen da suka san shi da kuma idonki. Kyamarar da ke kallon takarda ta ƙara mana sutura, sannan ta toshe wata ɓaraka: manhajojin nan da yaro zai ɗauki hoton tambaya su zubo masa amsa. Idan malami yana kallon hannu, ba inda amsar aro za ta shigo.

Kada kuma wata ta ɗauka in an sami malami an sauke nauyi. Minti 80 ne a mako, sauran kwanakin nawa ne. Kowace safiya bayan hadda da karin kumallo, tana yin tambayoyin nan biyar na Corbettmaths da abin da Malam ya bari, in ɗauki hoto in tura masa ta WhatsApp. Ba na gyara mata kafin in tura, ko da na ga kuskure, don kuskuren shi ne abin da yake nema. Bidiyon Khan Academy sun dawo da amfaninsu a nan, a matsayin maimaici bayan an fahimta.

Zaman da nake yi a gefe ni ma ya koya mini sana'ar. Ƙaninta bai kai a ɗaukar masa malami ba tukuna, ni nake koya masa. Da ya rubuta cewa 52 a ɗebe 38 saura 26, nan take na gane abin da ya yi: ya ga 2 ba za ta ba da 8 ba, sai ya juya ya ɗebe 2 daga 8. Maimakon in ce ya sake, na zubo masa sulalla, na fens goma guda biyar da na fens ɗaya guda biyu, na ce ya biya ni 38. Ya duba ya duba, ya ce, "Umma, sai an yi mini canjin goma ɗaya." Shi ke nan, ya gano aro da kansa, ya sami 14. Haddar sau kuma muna yin ta da baki a hanyar masallaci da kanti. A makarantun Ingila, tun 2022 ana yi wa 'yan aji huɗu gwajin sau har zuwa 12 sau 12, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6. Ba a wajabta wa 'yan gida ba, amma ina amfani da shi in auna inda muke.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne jarrabawa. Yaron gida ba makarantar da za ta yi masa rajista, ke za ki nemo cibiyar da ke karɓar ɗalibai masu zaman kansu, ki biya, kuma kuɗin darasi ɗaya yakan haura fam 100. Ana rufe rajistar jarrabawar Mayu da Yuni a watan Fabrairu, wasu cibiyoyin ma kafin nan suke cika, don haka a fara nema tun shekara guda kafin lokaci. Lissafi ya fi wasu darussan sauƙi ga irinmu, tunda duk a rubuce ake yinsa, ba aikin da sai malamin makaranta ya sa hannu. GCSE takarda uku ce, kowace awa ɗaya da rabi, ɗaya ba a yarda da kalkuleta ba. IGCSE ta Edexcel, wato nau'in GCSE na ƙasa da ƙasa, wadda iyaye da yawa masu koyar da yara a gida suke zaɓa, takarda biyu ce, awa bibbiyu, duka da kalkuleta. Sannan akwai mataki biyu. Na ƙasa iyakar sakamakonsa 5, na sama yana kaiwa 9, wanda shi ne ƙololuwa. Ana ɗaukar 4 a matsayin an ci, amma mai son ci gaba da lissafi a A-level yawanci 6 ko 7 ake nema daga gare shi, ke nan dole ya zauna na sama.

Na tambayi Malam wanne za mu dosa. Ya ce, "Hajiya, na sama za ta yi in sha Allahu, amma ba bana ba. Aljabararta ba ta nuna ba tukuna." Na yarda da shi, don shi ne yake kallon hannunta. Mun tsayar da IGCSE, na sami cibiya a nan cikin Manchesta da bas ɗaya ke kai mu, kuma idan lokacin ya matso zan nemi wata malama ta nan da ta saba duba takardun jarrabawar, ta yi mata 'yan zama kan yadda ake jera aiki don kada maki ya zube.